Baba Ya Ajiye Almakashi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka a inda kake, ya sa albarka a cikin abin da kake nema. Mu ma nan lafiya, sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma faɗa da kowa, ka kuwa san alamar lafiyarta ke nan. Maigidana yana nan yana fama, an ƙara masa aiki a ofis ba a ƙara masa komai ba. Kawu ya gama rufin ɗakin nan da ya daɗe yana ja, Gwaggo kuma ta dawo daga wajen ƴarta da ta haihu, an samu mace, uwa da jaririya duk lafiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda bayan ga waya a hannun kowa. Dalili biyu ne. Na farko, a waya ba ka bari mutum ya kai aya, da na ɗaga murya sai ka fashe da dariya ka ce Barkono ta fara. Na biyu, duk lokacin da ka kira ina gidan su Mama, Baba yana kusa, kuma kunnensa bai tsufa ba. Maganar nan ba ta gabansa ba ce, don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe.

Kwalin da ka aiko ya iso lafiya, ba abin da ya fashe. Mama ta gode da mayafi da man shafawa, ni ma na ga takalmina, Allah ya saka da alheri, ko da yake ka auna ni da ƙafar Anti, sai da na cusa auduga a ciki. Na san da zuciya ɗaya ka saya wa Baba sabuwar na'urar gem ɗin nan ta wasa a talabijin, don haka kada ka ɗauki abin da zan faɗa a matsayin butulci. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kyautar nan taka ta jawo mana abin da na rasa yadda zan yi da shi. Yau kusan wata guda ke nan Baba bai taɓa almakashi ba, kuma ba ciwo ne ya kwantar da shi ba. Shi da kansa ya yanke cewa hankalinsa ya fara tafiya.

Bari in tuna maka, tunda ka daɗe da barin gida. Ka san tsohon gem ɗin da Baba ya sayo mana na hannu muna yara, ya kafa shi da ƙaramin talabijin a ƙuryar shagonsa, bayan labulen da ake gwada kaya, wai don mu daina yawon layi. Ba mu iya karanta sunansa ba, sai Baba ya raɗa masa Mai Tulu, saboda ɗan mutumin nan da ke ɗauke da tulun ruwa a ka, yana tsallake ramuka da duwatsu masu gangarowa har ya kai ruwan wani gida a saman tudu. Ko fuskar kirki ba shi da ita, ɗigo biyu ne idanunsa. Mu aka saya wa, amma ba a je ko'ina ba mai shago ya ƙwace. Da ya sallami kwastoman ƙarshe da yamma sai ya rataye tef ɗin awo a wuya, ya jawo kujerar nan mai gajeriyar ƙafa, ya ce mu matsa mu ga aikin manya. Ni da kai kullum a gadar katako muke zubar da ruwan. Shi kuwa ko kallon gadar ba ya yi, da kunne yake tsallake ta. Kiɗan nan mai kama da kukan gyare yana kaiwa wani wuri sai ya danna, ƙafarsa tana bugun ƙasa kamar yana kan fedar keken ɗinki. Har yana ɗinki yakan rera shi ta hanci. Haka ya yi ta yi bayan ka tafi, bayan an kai ni ɗakina, har sai da na'urar ta mutu don kanta.

Ranar da kwalin ya iso ka kira Baba, ina zaune a gefensa. Da kunnena na ji ka ce masa Mai Tulu ne sak, ba a taɓa komai ba, hoton kawai aka wanke. Haka ma aka rubuta a bayan kwalin da manyan baƙaƙe, wai yana nan yadda ka san shi. Yaya, tsakaninka da Allah, ka buga shi ko sau ɗaya kafin ka aiko? Ba sai ka amsa ba, na san halinka. Ka ga hoton tulu a kanti, zuciyarka ta karye, ka biya ka wuce. To ni na buga shi, kuma kama da wane ba wane ba ne. Sun yi wa mutumin fuska da gemu, sun ba shi baki, yana tafe yana surutu. Sun haɗa shi da wani tsuntsu da ke binsa yana gaya masa inda zai taka, kamar wanda bai san hanyar gidansu ba. Madannin tsalle sun ɗauke shi daga inda babban yatsa ya saba sun mai da shi gefe. Gadar tana nan, amma sun ƙara mata tsawo, sun sa tana lilo. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kiɗan. Muryar ita ce, duk wanda ya ji zai gane ta, amma sun cika ta da kayan kiɗa sun ja ta a hankali, ta yadda inda ake dannawa a da yanzu ba nan ba ne. Duk wanda ya bi kunnensa rami zai faɗa.

Maigidana ne ya haɗa wayoyin a falo, a babban talabijin. Da ka ga Baba ranar. Sai da ya canza riga, ya kira Mama daga kicin ya ce ta zo ta ga ko tsufa ya taɓa yatsunsa. Da kiɗan ya tashi fuskarsa ta washe, ƙafar nan ta fara bugun ƙasa, ni kaina sai da ƙwalla ta zo min. Ya lallaɓa ya wuce ramukan farko yana ƙorafin madanni, ya iso gada, ya lumshe ido yadda ya saba, ya danna, tulu ya fashe. Ya yi dariya ya ce hannu ne bai yi ɗumi ba. Ya sake, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi a wuri guda. Dariyar ta ƙare. Can sai wani rubutu ya fito a talabijin, Baba ya tambaya me aka ce. Ina ta ƙifta wa maigidana ido, amma ka san surukin naka, bakinsa ya riga idonsa. Ya karanta masa tas, wai an lura yana shan wahala, ko yana so a sauƙaƙa masa wasan. Baba ya ajiye abin dannawar a kan tebur a hankali, ya ce bari ya leƙa shago, alhali ranar ba a buɗe shago.

Daga baya Mama ta gaya min kwana da kwanaki yana komawa shi kaɗai. In ya ga ta shiga wanka ko ta leƙa maƙwabta sai ya kunna, ya rage murya, tana dawowa ya kashe. Sai ga direban motar makarantar nan ya zo shago da yadi, mutumin da Baba yake wa ɗinki tun kafin ya yi aure. Ka san abin alfaharin Baba a duniya, bai taɓa rubuta awon kowa ba. Kafaɗa, hannu, wuya, tsawo, duk a kansa suke, in ka yi ƙiba ma da ido yake ƙara maka. Ranar Baba ya shimfiɗa yadin a tebur, ya ɗauki alli, ya tsaya. Direban ya ce Baba ya daɗe a tsaye yana kallon yadin, sannan ya ninke shi tsaf, ya miƙa masa, ya ce ya kai wa telan tsallaken titi. Tun ranar haka yake yi wa kowa. Yana zuwa shago, ya share, ya goge keke, ya sa mata mai, ya zauna. In an kawo ɗaurin maɓalli ko kalmasa ya yi, amma yanka ya ce ya bari. Almakashin ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a aljihun tebur. Da Mama ta matsa masa, sai ya ce mata wanda ya manta hanyar da ya bi sau ba adadi bai kamata a damƙa masa yadin mutane ba.

Za ka ce me ya hana mu gaya masa gem ɗin ne aka canza. Na gaya masa, Yaya, har bakina ya gaji. Na lissafa masa duk abin da na lissafa maka. Ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi, ya ce Allah ya yi min albarka, ni ƴa ce ta gari. Na san wannan murmushin, kai ma ka san shi. Ka tuna lokacin da Baffa, yayansa, ya fara mantuwa, yadda duk gidan muka haɗa baki. In ya ɓata a hanyar gida mu ce ai an canza fentin layin ne, kowa ma yana ruɗewa. In ya manta sunan jikansa mu ce yaran ne suka yi kama da juna. Wa ya koya mana? Baba ne. Shi ya tara mu ya ce kada wanda ya bari Baffa ya gane, a lallaɓa shi har Allah ya yi ikonsa. To yanzu da na ce masa an canza gada, abin da yake ji shi ne an canza fentin layi. Ya ce wa Mama ya san wannan karatun, shi ya rubuta shi. Kuma ya ce babban ɗansa, wanda ya sayi abin da hannunsa, ya faɗa masa ba a taɓa komai ba tun kafin kowa ya san za a yi haka, don haka maganar farko ita ce gaskiya. Ko ka kira yanzu ka janye, cewa zai yi ni na kitsa maka.

Ban zauna ba. Na nemo hoton bidiyon tsohon gem ɗin a waya na kai masa, na ce ya dubi gadar, ya ji kiɗan. Ya sa tabarau ya kalla, ya ce a zamanin nan ba abin da ba a haɗawa a waya, kuma ko gaskiya ne, hannun wani ne ke bugawa ba nasa ba. Na ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya yi masa tambayoyi, ya sa shi zane, ya ce bai ga abin tayar da hankali ba tukuna, mu dawo nan gaba a sake dubawa. Muna fitowa Baba ya tambaye ni me na raɗa wa likitan lokacin da shi Baban ya shiga bayi. Ban raɗa masa komai ba, hanyar kantin magani na tambaya.

Haushina ba a kanka kaɗai yake ba, ka kwantar da hankalinka. Rabinsa na mutanen da suka yi abin ne. Maigidana yana ta kare su, wai dole a bi zamani, yaran yanzu ba za su zauna gaban mutum mai ɗigo biyu ba, wai sabon ya fi kyau nesa ba kusa ba. Ban musa masa ba. Ruwan tulun har ƙyalli yake, ciyawa tana kaɗawa, ni ma da na zauna da shi sai da na ƙona girki. Su yi sabon abu mana, wa ya hana su? Su ba shi sabon suna, ko su rubuta a kwali cewa an sake shi, wanda ya san na da ya yi hattara. Amma su riƙe sunan, su riƙe muryar kiɗan don su jawo irin su kai, sannan su sauya abin da hannu ya haddace, su ce yana nan yadda ka san shi, wannan cin amana ne. A ce mutum ya kawo wa Baba tsohuwar rigar mahaifinsa a gyara masa wuya, shi kuma ya farke ta ya yi mata yankan zamani, ya miƙa masa ya ce ga rigar babanka. Ko ta fi kyau sau goma, ai mai riga zai yi kuka. Su a ganinsu Mai Tulu shi ne tulun da gadar. Ba su san akwai wani tsoho a wani shago da ya ajiye shi a kunne da yatsa ba. Garin neman gira sun tsone mana ido.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na je wajen mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wanda tsohuwar na'urarmu take jibge a shagonsa tun da ta mutu. Ya ce tamu ba ta tashi, amma yana da irinta mai rai a cikin tarkacensa, ya kunna min ita na ga wutarta. Abu ɗaya ya rage, kaset ɗin Mai Tulu. Na birkice shagon Baba da ɗakin Mama ina nema, sai Mama ta tuna min kai ka ɗauke shi a zuwanka na ƙarshe, ka ce za ka ajiye a kan teburinka don tuna gida. Mai gyaran ya ce a kasuwa ba a samun irinsa yanzu, ni kuma ko an samu ba zan so wani ba. Namu nake so, mai ɗigon fenti a gefe da tabon dutsen guga, wanda Baba zai juya a hannunsa ya san ba wanda ya haɗa masa. Ba magana ce za ta dawo da shi teburin yanka ba. Sai ya zauna, kiɗan gaskiya ya tashi, ya lumshe ido ya tsallake gadar nan da hannunsa. Gani ya kori ji.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Mama. Kafin kwalinka ya iso, sau biyu na shiga shago na tarar ya bar dutsen guga a kunne ya fita. Akwai ranar da ya kira wani kwastoma da sunan mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa, muka yi dariya aka wuce. Wataƙila ba komai ba ne, ni ma da ƙuruciyata ina barin tukunya a wuta. Amma tun da abin nan ya faru nake juya su a raina. Muddin sabon gem ne kaɗai a gidan, ina da wanda zan ɗora wa laifi, in zagi masu shi in ji sanyi. Ranar da aka sa tsohon kaset, wannan mafakar ta ƙare. In ya tsallake, alhamdu lillahi, da hannuna zan kwance almakashin in miƙa masa. In kuma ya faɗi, Yaya, ba sauran abin da zan ce an canza. Zai juyo ya dube ni, kuma ban san da wace fuska zan tare shi ba. Tsoro nake ji, na faɗa maka ƙarara.

Saboda haka kada ka sa kaset ɗin a kwali. Kada ka ba wani mai tahowa, kada ka ce za ka kira ta bidiyo mu jingina ka da kofin shayi kana kallo daga nesa. Ka nemi hutu a wajen aiki ka kawo shi da hannunka. Na san tafiyar ba wasa ba ce, na san yara suna makaranta, duk na san uzurorin tun kafin ka jera su. Ni na zauna da Baffa har ƙarshe, ni nake kai Mama asibiti, ban taɓa ce maka ka zo ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, na kuwa iya tare nawa. Wannan karon ba zan iya ni kaɗai ba. Kai ka ce masa ba a taɓa komai ba, kai za ka zauna a gabansa ka ce ka yi kuskure, sannan ka jawo kujera kusa da tawa mu kalli abin da Allah zai yi. Ko wanne ne ya fito, ya same mu mu biyu a bayansa. Kuma ka yi sauri, don kwastomominsa sun fara sabawa da tsallaken titi, shi kuma ya fara sabawa da zama.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce ina godiya da zaɓen mayafi, na san ba idonka ba ne. Ka shafa min kan Babba da Ƴar Lele da Auta, Allah ya raya su ya ba su ilimi mai amfani. Mama tana gaishe ku, ta ce ka rage shan sanyi. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, maigidana ma yana miƙo tasa, har yanzu yana jin kunyar haɗa ido da Baba. Da zan fito daga gidan jiya na leƙa shago na ce wa Baba zan rubuto maka, ko yana da saƙo. Yana zaune hannuwansa a kan gwiwa. Ya ce in gaishe ka, in ce ya gode, gem ɗin ya yi kyau ƙwarai, kullum yana bugawa, kada ka damu da shi. Na isar maka yadda ya ba ni.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Barkono